Ummi, Ga Amsar Tambayarki Kan Fili, Gwal da ETF

Ummi, takwarar Inna, ina fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara, ya sanyin Kalgari? Saƙonki ya iso tun Lahadi. Na ƙi amsa miki ta waya ne don maganar ba ta tsaye ba ce.

Kin ce kin tara dala dubu ashirin daga aikin asibiti. Abokiyar aikinki ta ce ki zuba su a ETF, mahaifiyarki kuma ta ce a gidanmu ba a san dukiyar da ido ba ya gani ba, ki turo a saya miki fili a bayan Kano ko ki sayi gwal. Kina so ki ji ko bin shawarar abokiyar taki barin al'ada ne, in kuma ba haka ba, wanne za ki saya.

Mahaifiyarki ba ta yi ƙarya ba, amma ta shigo gidan ne bayan Malam ya manyanta. Ni na tashi ina kallon yadda kakanki yake ajiye abinsa. Shanunsa ba su kai talatin ba, amma bai taɓa haɗa su a hannun makiyayi ɗaya ba. Wasu suna wajen wani Bafulatani ta gefen Falgore, wasu ta Haɗeja. A 1983 da ciwon bushiya ya shigo ya kwashe garkunan mutane, na gefe ɗaya suka tafi kusan duka, na ɗaya gefen Allah ya tsare. Gonarsa ma haka take, gero da dawa da wake a kunya ɗaya. Gero ya nuna da wuri ya fitar da gida daga yunwar damina, dawa ta jira kaka, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya ba da. Inna kuwa, wadda kika ci sunanta, tana da 'yan kunnen gwal a ƙasan adaka, da awaki a hannun mutum uku, da adashi biyu da ba a kwasa a wata ɗaya. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, fari da annoba ne malamansu. Abin da na gada a wurinsu ke nan: ba a barin dukiya a hannu ɗaya, ba a barinta a wuri ɗaya. Sayen fili ya zama ruwan dare ne daga baya, da naira ta fara narkewa a hannun mutane suka rasa inda za su ɓoye ta.

To ETF ba wani abu ba ne illa garken haɗin gwiwa. Kamfani ne yake tattara kuɗin dubban mutane ya sayi hannun jarin kamfanoni da yawa, ya yanka shi ƙanana, kowa ya sayi gwargwadon ƙarfinsa a kasuwar hannayen jari, ya sayar ranar da ya ga dama. A nan Toronto aka fara shi a duniya, a watan Maris na 1990, kuma jikan wancan na farko yana nan ana cinikinsa da sunan XIU, manyan kamfanonin Kanada 60 ne a cikinsa.

Amma kada sunan ya ruɗe ki. Ba kowane ETF ne ya rarraba ba, kuma nan ne 'yan ƙasar nan da kansu suke tuntuɓe. Kasuwar Kanada gaba ɗayanta ba ta wuce kusan kashi 3 cikin 100 na kasuwar hannun jarin duniya ba. Cikin wannan ɗan kason ma, bankuna da kamfanonin inshora sun kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku, mai da ma'adinai suka kwashe wani babban kaso. Ina aikin akanta a garin nan lokacin da kamfanin Nortel shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin kasuwar Toronto, a tsakiyar shekarar 2000, hannun jarinsa guda ya haura dala 120. A Janairun 2009 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Mutane da yawa suna ganin sun sayi ƙasa guda, ashe saniya ɗaya ce ta cika garken. Ke kuma ki ƙara da wannan: maigidanki a kamfanin mai yake aiki, garin da kuke zaune da farashin mai yake numfashi. In kin sayi ETF da mai ya yi masa yawa, ranar da farashi ya faɗi albashinsa da ajiyarki za su kwanta ciwo tare.

Saboda haka ne aka fito da irin waɗanda suka haɗa komai a tukunya ɗaya. Kamfanin Vanguard ya fito da nasa a 2018, su VBAL da VGRO, daga baya VEQT, iShares ma tana da XEQT. Ka sayi ɗaya ka mallaki ɗan ɓangare na dubban kamfanoni a Kanada da Amurka da Turai da Japan da ƙasashe masu tasowa, kuɗin kulawarsu kuma bai kai kwatan kashi ɗaya cikin 100 a shekara ba. Na tabbata irinsu abokiyarki take nufi, kuma a wajenta shawara ce mai kyau.

Mu kuwa muna da tambayar da ita ba ta da ita. VBAL kashi 40 cikin 100 nasa takardun bashi ne masu kuɗin ruwa, VGRO kashi 20. VEQT da XEQT ba su da takardun bashi, amma cike suke da bankuna, ga kamfanonin giya da caca a ciki. Kin san gidan da kika fito. Ni dai ban iya ba.

Akwai waɗanda aka tace. Wealthsimple ta fito da WSHR a 2021, da dalar Kanada ake sayensa, kamfanonin ƙasashen da suka ci gaba ne a ciki. A kasuwar Amurka akwai SPUS da HLAL, duka biyun sun fito a 2019, akwai kuma SPSK na sukuk, wato takardun jari na Musulunci da suke madadin takardun bashi masu kuɗin ruwa. Tacewar iri biyu ce. Ana fitar da kamfanin da sana'arsa haram ce, sannan a fitar da wanda bashin ruwa ya yi masa katutu, galibi in ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarsa. Ɗan abin da ya gauraya kuma, masu asusun suna fitar da lissafinsa, ki cire ki bayar ba da niyyar lada ba.

Sai dai tacewar nan tana da nata tsadar, kuma ba kuɗi kaɗai nake nufi ba. Da zarar an cire bankuna, abin da ya rage ya karkata zuwa kamfanonin fasaha da na magunguna. Wata 'yar ƙawata ta nuna mini wayarta tana murna wai ta rarraba, ta sayi SPUS ta sayi HLAL. Na ce buɗe mu ga manya goma na kowanne. Apple da Microsoft a sama can, Apple da Microsoft a sama nan. Ta kai shanunta wajen makiyaya biyu ne, amma a rafi ɗaya suke shayarwa. Kafin ki sayi kowane ETF, ki shiga shafin kamfanin ki duba abu uku: manyan kamfanoni goma da ke ciki, ƙasashen da kuɗin suka tafi, da lambar da ke gaban MER.

Wannan MER ɗin, shi ne ladan kulawa da ake yanka kowace shekara, ko an ci riba ko an faɗi. A nan na sha nawa bugun. Sabuwar zuwa, wani ma'aikacin banki mai fara'a ya sa ni a asusun da ake cire sama da kashi 2 cikin 100, na yi shekara takwas ban duba ba, ni da nake duba littattafan wasu! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga misali na lissafi kawai, ba alkawari ba: dala 10,000, a ce kasuwa na ba da kashi 6 a shekara har shekara 25. In ana cire kashi 2, za ki tashi da kusan 26,700. In rabin kashi ɗaya ake cirewa, wanda nan ne na halal suke kewaye, kusan 38,100. Garke ɗaya, kiwo ɗaya.

Sai rumbun da za ki zuba. TFSA, asusun da gwamnatin Kanada ta yafe wa haraji, sunansa na ajiya ne, amma ana sayen ETF a cikinsa kuma ba haraji kan abin da ya haifa. Ki kula, ba daga 2009 da aka fara shi ake ƙirga miki ba, daga shekarar da kika zama mazauniyar ƙasar ne. Kin zo a 2022, don haka 6,000 da 6,500 da 7,000 da 7,000, wato 26,500 zuwa ƙarshen 2025. Kika wuce iyaka, tarar kashi 1 cikin 100 ce kowane wata kan rarar. Abin da kika cire kuma ba ya dawo miki sai ɗaya ga Janairu mai zuwa, baƙi da yawa sun faɗa wannan ramin. Tunda haya kuke, ki duba FHSA na mai neman gidan farko, 8,000 a shekara har 40,000. Na karatun yara kuwa, RESP, kika zuba 2,500 a shekara gwamnati ta ɗora 500 ga kowane yaro, ban ga dalilin barinsa ba. In kin sayi na kasuwar Amurka, RRSP, asusun ajiyar ritaya, ya fi dacewa da su, don a TFSA Amurka na yanke kashi 15 cikin 100 na rabon ribar kafin ya iso gare ki.

Akwai abin da ba ya cikin lissafin abokiyarki. Ke ba ke kaɗai ke cin albashinki ba. Za a kira ki cikin dare a ce an kwantar da wane, za a aurar da ƙanwarki, azumi zai zo. Wannan ba asara ba ce, haƙƙi ne, amma yana son tsabar kuɗi a kusa. A Maris na 2020 kasuwar Toronto ta zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku cikin kusan wata guda, kafin shekara ta zagayo ta dawo. Wanda ya haƙura bai rasa komai ba, wanda larura ta sa ya sayar a lokacin shi ya ji jiki. Don haka ki ware kuɗin wata huɗu zuwa shida da na hidimar gida tukuna. Kuɗin da za ki nema cikin shekara biyar kada su shiga kasuwa.

Da ni ce ke, bayan na ware wancan, mafi yawan sauran zan sa a na halal mai faɗin ƙasashe, kaɗan a na Amurka, kaɗan a sukuk ko gwal, in riƙa ƙarawa duk ƙarshen wata kamar zubin adashi, in daina leƙa waya. Zakka kuma tana nan, kashi 2.5 cikin 100 in an kai nisabi shekara ta zagayo. Malamai sun rabu kan ko a fitar a kan darajar jarin duka ko wani ɓangare, ki bi malamin da kika natsu da shi.

Filin kuma ban ce a'a ba. Yana da amfanin da ETF ba shi da shi, yana nuna cewa kina da niyyar dawowa, kuma ina jin abin da mahaifiyarki take nema ke nan, ba riba ba. Amma ki tuna dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati farkon 2023, a 2024 ta haura 1,500. Fili zai iya ninka kuɗinsa a naira alhali a dala ya rame. Ki saya in kin je da ƙafarki, kin ga takardu, da sunanki, ba da saƙo ba. Ki gaya mata da bakina cewa za a saya, amma ba da dukan kuɗin ba. In ta ja, ki bar ni da ita, zan kira ta ranar Juma'a.

Ki ɗauko mini hoton takardar da bankinku ya ba ki ki turo, ina so in ga abin da suka rubuta a gaban MER. A shafa mini kan yara.

Gwaggonki, daga Toronto.