Tambaya da Amsa: Yaya ƙasar Taraba take, kuma me baƙo zai gani?

Tambaya: Ina shirin zuwa Taraba da iyalina. Yaya tsarin jihar yake, ina ya kamata mu je, kuma a wane lokaci?

Amsa: Malam, ka ɗauki Taraba tamkar ƙasa biyu a jiha ɗaya: kwari da tsauni. An cire ta daga tsohuwar jihar Gongola a 1991, hedikwatarta Jalingo, ƙananan hukumominta 16. Kogin Binuwai ya ratsa ta, kogunan Taraba da Donga kuma suna gangarowa daga duwatsun iyakar Kamaru su zuba a cikinsa. A kwarin nan Lau, Karim Lamido, Gassol da Ibi suke, ƙasar shinkafa, doya da kamun kifi. Zafi ne sosai, kuma daga Agusta zuwa Oktoba ambaliya kan ci gonaki ta yanke hanyoyi, musamman in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru.

Abin kallon na kudu maso gabas. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane gandu na ƙasa girma a Nijeriya. Kada ka shiga sai da izini da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun. Akwai ɓauna, dorina da birai iri-iri, amma dajin na da duhu, ganin dabba sai da haƙuri da tafiyar ƙasa. A yankin ne dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, mafi tsawo a ƙasar nan.

Daga Mayo Selbe ake fara hawan tsaunin Mambila, wanda yake a ƙaramar hukumar Sardauna, har Nguroje da Gembu. Nan direbobi suka fi shan wuya. A hawa inji kan yi zafi, don haka a duba ruwan lagireto tun daga ƙasa. A gangara kuma, wanda ya ɗora ƙafa kan birki bai ɗaga ba, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Giya ta ɗaya ko ta biyu ake sa wa. Kada a hau da dare, hazo na rufe kwanonin hanya.

A sama za ku ga gonakin shayi na Kakara da shanu a kan tuddai masu ciyawa. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu, ku riƙe rigunan sanyi masu kauri, na yara musamman, ku kuma tambayi halin tsaron hanya a tashar Jalingo kafin ku tashi.