Tambaya da Amsa: In jira siminti ya sauko, ko in ci gaba da gini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na zuba harsashin gida mai ɗaki uku da falo a 2022, sai kuɗi suka yanke. Tun daga nan kayan gini tashi kawai suke yi. In jira su sauko ne? Anya mai ƙaramin albashi zai ƙara mallakar muhalli kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata kada ka jira.

Tashin ya samo asali ne daga 2023, lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023, ya haura 10,000 a Fabrairun 2024. Mutane kan ce, to ai a gida ake yin sa, ga Obajana, ga Kalambaina, ga Ashaka. Haka ne, dutsen da ake yin sa da shi namu ne. Amma iskar gas da kayan gyaran injina farashin dala suke bi, tirelar da za ta kawo shi kuma dizal take sha. Ƙari a kan haka, Dangote da BUA da Lafarge ne ke riƙe da kusan duk kasuwar, kuma inda masu sayarwa ba su da yawa, farashi kan yi saurin hawa ya yi nawar sauka. Ko ya ɗan sauko, ba zai koma na da ba.

Harsashin naka kuma ba jiranka yake yi ba. Kowace damina ruwa na kwanciya a ciki, rodin da ya leƙo waje yana tsatsa.

Saboda haka ka rage buri. Ka tada ɗaki biyu da bayan gida, ka rufa kwano, ka sa ƙofa ka shiga. Kuɗin hayar da ka huta da biya shi zai gina sauran. Filasta ta waje, tayil da silin duk suna iya jira. In kuɗi sun shigo, sayi rodi da kwano ka adana a ɗaki mai rufi, amma kada ka tara siminti, danshi kan daskarar da shi. Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne ginshiƙai da linta da ingancin bulo. Masu buga bulo da yawa yanzu yashi suke cikawa. Ka karce shi da makulli; in ya zubo kamar gari, bar musu kayansu.

Game da nan gaba kuwa, ni ban sa rai ga rukunin gidajen gwamnati ba, farashinsu ya fi ƙarfin malamin makaranta. Na fi sa rai ga jar ƙasa. Ana cuɗa ta da ɗan siminti kaɗan, a matse da inji, ta fito bulo mai ƙwari da sanyin ɗaki. A Yamai, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina gidaje masu bene da irin wannan bulo, ana kiran aikin Niamey 2000. Matsalarmu ita ce kallon ginin ƙasa a matsayin talauci, alhali ga tsofaffin soraye nan tsaye a cikin birnin Zazzau. Sharaɗinsa dai a gwada ƙasar tukuna, a ɗaga gindin bango da kankare, a fitar da bakin kwano sosai don kada ruwa ya riƙa dukan bango.

Sannan ka duba takardar albashinka. In ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, kana iya neman rance daga bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, ruwansa kashi 6, biya har shekara 30. Sai dai ana neman takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, ba ta mai unguwa ko dillali ba. In ba ka da ita, ka soma bibiyarta tun yanzu, don takan daɗe ba ta fito ba.