Rubutun girka manhaja ya faɗi izinin da yake buƙata tun farko

Ɗan'uwa, ka ce rubutun umarnin da ka haɗa don girka manhajarku a Ubuntu (wani nau'in tsarin Linux na kwamfuta) yana tsayawa a tsakiya da "Permission denied", wato babu izini, mutane suna ta kiranka, shin ka ce musu kawai su sa sudo, umarnin da ke ba mutum cikakken iko a kwamfutar, a gaba?

Wannan bai isa ba. Na ga illarsa a wani ofishi a Wuse. Wata baiwar Allah ta yi komai da sudo, fayilolin saitin da ke cikin asusunta suka koma mallakin root, wato asusun da ke da cikakken iko a kwamfutar, washegari manhajar ta ƙi buɗe mata. Rabin yini muka kwashe muna gyara da chown, umarnin sauya mamallakin fayil, ita kuwa tana ta ba da haƙuri alhali ba laifinta ba ne.

Tun a layin farko rubutun ya duba wa ke gudanar da shi: umarnin id -u yana ba da 0 idan root ne. In aikin na buƙatar root kuma ba shi ba ne, ya tsaya kafin ya taɓa ko fayil ɗaya, ya ce: zan rubuta cikin /usr/local/bin, ga umarnin da za ka kwafa. In kuwa da sudo aka zo, SUDO_USER, ma'ajiyar suna da sudo ke cikawa, na ɗauke da sunan mai asusun, sai ka mayar masa da mallakar fayilolinsa.

Kuma idan ka saka mutum a rukunin docker (waɗanda ke da izinin amfani da manhajar Docker) da umarnin usermod -aG, gaya masa a saƙon ƙarshe ya fita daga asusunsa ya sake shiga kafin izinin ya fara aiki.