Ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatun ƙura da hayaƙi

Saƙonka shi ne na huɗu da ya shigo mini a wannan watan, kuma duk bakinsu ɗaya: "Yaya, a taimaka a nuna mini hanya." Naka ya ɗan bambanta, shi ya sa na zauna zan amsa a fili, wataƙila in huta da maimaici. Ka ce ka gama digiri a kimiyyar sinadarai, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Rijiyar Zaki. Ka ji hirar da aka yi da ni a rediyo kan hazo, sai ka ji kai ma abin da kake so ke nan. A ƙarshe ka ce ko fili ne Baba ya yarda zai sayar. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci.

Kada a sayar da filin nan. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati a nan ba a biyan kuɗin makaranta sai ɗan abin da ake karɓa duk zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga hannun wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Abin da masu yi maka romon baka ba sa faɗa shi ne, kafin a ba ka biza sai ka zuba kuɗin zaman shekara guda a wani asusu da ake kullewa, ana sako maka kaɗan-kaɗan duk wata. A 2024 an mai da shi Yuro 11,904. Ka je Wapa ka tambayi canjin yau, ka buga da kanka. Na shekara ɗaya ke nan, digiri na biyu kuwa shekara biyu ne. Na ga wanda ya zo da kuɗin gado, shekara ta biyu ta same shi yana dakon kwalaye a ɗakin ajiyar kaya cikin dare, da safe yana gyangyaɗi a aji. Ba a yin karatun nan da gyangyaɗi. Ka nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, ko na PTDF, asusun Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur, ko ka yi digiri na biyu a gida ka nemi gurbin na uku a nan, domin a fanninmu sau da yawa aiki ne ake ɗaukar ka da albashi, na shekara uku ko huɗu. In babu ko ɗaya, ka zauna tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sai kuma aikin kansa. A rediyo ka ji ni ina zuba kamar kullum a jirgin sama nake ina bin gajimare. Shekarata ta farko a wani ɗaki marar taga na yi ta, ina auna nauyin takardun tacewa. Farar takarda ce kewayayyiya, faɗinta milimita 47, bai kai bakin kofin shayi ba. Za ta kwana biyu a ɗakin, zafinsa 20, laimarsa kashi 50, kafin ka ɗauke ta da hantsaki ka ɗora a sikelin da ke jin kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ka kai ta waje inji ya zuƙi iska ta cikinta awa 24, ka dawo da ita ta sake kwana biyu, ka sake aunawa. Ratar da ke tsakanin nauyi biyun nan ita ce duk abin da kake nema. Wata rana cikin sanyi hannuna ya yi furu-furu, na shafa mai, na manta na taɓa gefen tiren. Samfurin mako uku ya tafi a banza. Babu wanda ya yi mini faɗa. Mai kula da ɗakin ta dai rubuta a littafi, da sunana da kwanan wata, kuma wallahi da mari ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sauran lokacin a gaban kwamfuta ne. In ba ka son lissafi, ko ba ka taɓa buɗe Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ba, fara yau. Ni sai da na zo nan na fara, ina da shekara kusan talatin, yara 'yan ashirin da biyu suna nuna mini.

Amma ba zan ɓoye maka ba, karatun yana da daɗi, kuma daɗinsa da ciwonsa wuri ɗaya suke. A Gwammaja na tashi. Duk hunturu sai mun share ƙura daga kan tabarma safe da yamma, leɓe ya tsage, Dala ta ɓace a hazo, a ce yau jirgi bai sauka a filin Malam Aminu Kano ba. Ban taɓa tambayar daga ina take zuwa ba. Sai a wani aji a Jamus, wani farfesa da bai taɓa shaƙar hazo ba ya haska taswira ya nuna Bodele, wani kwari a arewacin Chadi, sama da kilomita 1,000 daga gidanmu. Ƙasan tsohon tafkin Chadi ne, tun zamanin da yake kamar teku. Da ya ƙafe sai ya bar farin gari na ɓawon ƙananan halittun ruwa, marar nauyi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar daga bakin zugazugi, ta kwashi garin nan. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tada ƙura. Wani bincike na 2015 da aka yi da tauraron ɗan'adam na NASA ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara duk shekara ta bi ta kan tekun Atalantika, kusan tan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon, ɗauke da sinadarin fosfaros da ke zame wa dajin taki. 'Yan ajin suna rubutu, ni na kasa. Abin da nake sharewa da tsintsiya ina yaro, ga shi mutane na cin abinci da saninsa.

Haka na ji ranar da aka zo kan farin shekarun 1970 da na 1984, wanda dattawa ke kira 'yar Buhari. Masu bincike da dama suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da sinadarin farar wuta, yana cikin abin da ya jawo shi. Ɗigon da yake zama a sama yana mayar da hasken rana, ya sanyaya arewacin tekun, sai damina ta ja da baya zuwa kudu. Ba shi kaɗai ba ne sanadi, amma yana ciki. Kakata har ta rasu tana ganin laifin manoma ne da suka daina fitar da zakka.

Yanzu abin da ya fi ƙona mini rai. A shekarata ta biyu wata ƙungiyar masu bincike, ba tawa ba, suka ji ni Bakano ne kuma zan je gida hutu. Suka ba ni inji da takardun tacewa. Na kafa shi a saman benen wani ɗan'uwa, na yi ta sayen fetur ina zuba wa janareta saboda wuta ba ta tsayawa, har sai da na nemo batir da sola don kada hayaƙin janaretan ya ɓata awon. Mako shida ina tashi da asuba. A Jamus takarda takan yi awa 24 ta fito da ɗan toka-toka. A Kano kafin la'asar ta zama kalar ƙasa, in kuma an kunna shara ko taya a unguwa sai ta koma baƙi ƙirin, har injin ya riƙa shaƙewa. Da na kawo, mai kula da ɗakin awo ta tambaye ni ko faɗuwa suka yi a ƙasa. Bayan shekara guda sakamako ya fito a mujalla, marubuta bakwai, ni kuma ina can ƙasa a layin godiya, an gode mini da "taimakon kai da kawo". Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Laifina ne ta wani gefen, don ban tambaya ba tun farko, kunya irin tamu ta hana ni. Kai kada ka yi. Duk wanda ya ce ka ɗebo masa iskar garinku, ka tambaye shi a rubuce ina sunanka zai zauna, kuma wa ke da bayanan. Shekara uku bayan haka na fitar da tawa, sunana a farko. Na buga ta a takarda na aika gida, Baba ya sa a firam duk da bai iya karanta ta ba.

Kano tana da abin da masu bincike na nan ba su da shi. Tun 1980 Grant McTainsh ya wallafa awon ƙurar hunturu da ke sauka a Arewacin Najeriya a mujallar Nature. Amma manyan ayyukan da suka biyo baya wasu wuraren suka nufa: na'urar AERONET mai auna ƙura da hayaƙin da ke sama tana Ilorin tun 1998, akwai wata a Banizumbu kusa da Yamai, shirin AMMA na binciken daminar Afirka ta Yamma a 2006 Yamai ya yi sansani, shirin DACCIWA na binciken hayaƙi da gajimare a 2016 kuma kudu ya bi, su Lome da Kumasi da Ile-Ife. Ga gari mai miliyoyin mutane, ƙurar hamada na haɗuwa da hayaƙin adaidaita sahu, da na janaretocin Kantin Kwari da Sabon Gari, da na masana'antun Sharaɗa da Challawa, da na itacen girki, da na tayar da ake babbaka da ita. Me ke faruwa in suka cakuɗa? Ƙura ba ta tafiya ita kaɗai, a hanya tana lasar sinadaran hayaƙi, fuskarta ta sauya. Wanda ya zo da tambaya irin wannan, shi ake saurara. Wanda ya rubuto cewa shi dai yana son Jamus tun yana yaro, ba a ko ba shi amsa.

Ka ce abin da ya fi burge ka shi ne wayar da kan jama'a. To shi ya fi wuya. Ni da nake tsayawa gaban mutum ɗari uku a taro, na kasa shawo kan Hajiya. Na bayyana mata cewa akwai ƙurar da ido ba ya gani, wadda muke kira PM2.5, silin gashi ya fi ta kauri kusan sau 30, gashin hanci ba ya tare ta, tana gangarawa har ƙarshen huhu. Na ce Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta rage iyakar da ta ba da shawara zuwa mikrogiram 5 a kowace mita kubik ta iska in an ɗauki matsakaicin shekara, 15 kuma a yini, kuma tana danganta mutuwar mutum kusan miliyan 7 duk shekara da gurɓatar iska. Ta saurare ni tsaf. Sai ta ce, "To Dokta, kai za ka riƙa cika mini tukunyar gas ɗin?" Na ce eh. Ta ce, "Na maƙwabta fa?" Maganar turaren wuta kuwa ban ko ƙarasa ba, ƙannena mata suka taso mini. Yanzu na daina cewa a bari. Cewa nake a buɗe taga, a fitar da kasko in ya gama ci, kada a sa jariri a ɗakin, kada a kwana da gawayi a rufe cikin hunturu, a matsar da janareta daga bakin taga. Waɗannan an ɗauka.

Kuma ka iya bakinka. Wani ya tambaye ni a rediyo ko ƙura ce ke kawo sanƙarau. Da na ce eh da na yi ƙarya. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗaki, shi ya sa yake tashi da rani ya lafa in ruwa ya sauka. Mutanenmu ba su manta 1996 ba, da annobar da kuma gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano. Ranar da na kafa injin nan, kafin magariba an ce na kawo na'urar Turawa mai feshi. Sai da na je gaban mai unguwa, na buɗe ta, na miƙa masa takardar jiya ya riƙe a hannunsa. Ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce, "Wannan duk a cikinmu take shiga?" Da shi ya kamata in fara, ba da hawa bene ba.

Zaman nan ba zan ja shi ba, ka sha ji. A Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi. Na nemi ɗaki wata uku, ana ganin sunana a saƙo a yi shiru. Ranar Sallah aiki ake. Ko yanzu da ake kira na Dokta, kwantiragina na shekara biyu ne, takardar zamana kuma a jikinsa take rataye. Baba ya yi jinya ya warke ina kallo ta waya.

In har da gaske kake, ga aiki. Hunturu ya kusa. Ka sayi littafin rubutu, ka zaɓi wuri ɗaya da kake hango Dala ko Goron Dutse. Kullum ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe huɗu na yamma ka ɗauki hoto daga nan, ka rubuta abin da kake iya gani, da inda iska ke kaɗawa, da ko ana ƙona wani abu kusa. Ka haɗa da rahoton nisan gani na filin jirgi, wanda NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa, ana samun sa a intanet. In ka sami ƙaramar na'urar awo irin PurpleAir, madalla, amma ka sani ta fi jin hayaƙi, ƙurar hazo mai kauri takan wuce ta ba ta ƙirga ba, kada ka ga lamba ƙarama ka ce iska ta yi kyau. Ka sa ɗalibanka su taya ka. Ƙarshen Janairu ka turo mini, ka zuba shi a jadawali, ba hoton shafuka ba. Mutum uku na ba irin wannan aikin bara, babu wanda ya wuce kwana goma. Ka gaishe da Baba, ka ce masa na ce a bar filin.