Me Ya Sa Lissafi Yake Zo Mini da Faransanci?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Damagaram. Hausa nake yi a gida, amma idan aka tambaye ni bakwai sau takwas, sai na karanto shi da Faransanci a zuci kafin in amsa, kuma lambar waya ba ta zama a kaina idan an faɗa mini ita da Hausa. Ƙawayena suna cewa ba ni da kan lissafi. Shin ƙwaƙwalwata ce ke da rauni?

Amsa: Malama, ƙwaƙwalwarki lafiya lau take. Jadawalin "sau" hadda ce, kamar yadda almajiri yake haddace allonsa, kuma hadda tana manne da harshen da aka yi ta da shi. A shekarar 2001, wasu masu bincike biyu, Elizabeth Spelke da Sanna Tsivkin, sun koya wa ɗalibai masu jin Rashanci da Ingilishi sababbin lissafai da harshe ɗaya, sannan suka gwada su da harsunan biyu. Inda ake son amsa daidai, ɗaliban sun fi sauri da harshen da aka koya musu. Inda ƙiyasi kawai ake bukata, harshe bai kawo bambanci ba.

Batun lambar waya kuwa na tsawon kalma ne. Abin da mutum yake iya riƙewa a ka na ɗan lokaci bai wuce abin da zai iya furtawa cikin daƙiƙa biyu ba. A 1980 an gano cewa masu jin Ingilishi da harshen Wales, wani yanki na Birtaniya, sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, saboda sunayen lambobin Wales sun fi ɗaukar lokacin furtawa. Ki lura, daga ɗaya har tara kowace lamba ta Hausa gaɓa biyu ce, ta Faransanci kuwa kusan duk gaɓa ɗaya ce.

Zancen ƙawayenki ne ban yarda da shi ba, kuma ina tsoron ya sa ki guje wa darasin. Idan mai tumatir ta ce miki dala arba'in, ai ba kya neman Faransanci kafin ki miƙa mata sefa 200, alhali tunda dala ɗaya sefa biyar ce, kin ninka arba'in sau biyar ke nan, da Hausa, a tsaye cikin rana.