Led ya ƙi kama ƙafar bakin caji, in kankare ta?

Tambaya: Salam Injiniya, ni ɗan koyo ne a shagon gyaran waya. Wani lokaci in na zo sa sabon bakin caji sai led (ƙarfen da ake narkawa a liƙa kaya da shi) ya ƙi kama ƙafafun, ya dunƙule yana gangarewa. Ogana yace in riƙa kankarewa da reza kafin in ɗora ayan (ƙarfe mai zafi da ake narka led da shi), dan Allah hakan daidai ne?

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanena. Indai sabon kaya ne ka ajiye rezar nan, don abinda kake kankarewa shine yake sa led ya kama.

Ƙafafun nan galibi jan ƙarfe ne ko gaurayensa, shi kuma jan ƙarfe da ya sha iska sai samansa ya yi duhu, led baya bin wannan duhun ko kaɗan. Shi yasa tun a kamfani ake tsoma su cikin ruwan sinadari mai kuza a ciki, a saki wutar lantarki, kuzan ya bi ya lulluɓe ƙarfen da wani siririn rufi da ko kaurin gashi bai kai ba. To shi kansa led ɗin da muka saba da shi kashi 63 kuza ne, 37 dalma, yana narkewa a digiri 183 na Celsius, kaga da ya haɗu da rufin kuza nan take suke narkewa su zama abu ɗaya ya malale lafiya lau. Wasu kayan kuma nikel ake fara sawa sannan zinare siriri a sama, zinaren baya tsatsa, da ka kawo zafi sai ya narke cikin led ya bar masa nikel mai tsabta ya kama.

Matsalarka tafi kama da ƙarancin fulos (man da ke cire duhun ƙarfe don led ya kama), ko kayan ya daɗe a ajiye cikin danshi, ko kuma zafi bai isa ba. Tun da dokar Turai ta RoHS, mai taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, ta fara aiki a 2006 yawancin wayoyi led mara dalma ke jikinsu, shi sai wajen digiri 217 yake narkewa, kuma ƙafafun riƙo na bakin caji suna shanye zafi sosai. Goge da sifirit, sa fulos mai kyau, ka dumama ƙafar da mazauninta tare kafin ka kawo led. Reza sai a tsohuwar wayar wuta da ta riga ta yi baƙi, shima kana kankarewa ka shafa mata led nan take.

Kuma kar ka goga bakin ayan ɗinka da fayil ko a ƙasa, wallahi abin nan yana damuna in na gani. Shima rufin baƙin ƙarfe gare shi a kan jan ƙarfe, in ya tafi led zai riƙa cin bakin har ya yi rami.