Kafin ki ba ajan kuɗin filin nan

Ƙanwata, saƙonki na murya ya iso tun daren Talata. Na saurara sau biyu na ajiye wayar, domin da na amsa miki a daren, da na faɗi abin da zai ɓata mana zumunci. Ke ce ta huɗu a dangi da ta zo mini da wannan magana tun bayan ƙaramar sallah, shi ya sa zan rubuta a nan kowa ya karanta, in huta da maimaici.

Kin ce wani ajan zai samo miki bizar Umara, in kin sauka ki lafe a gidana a Jidda, ki riƙa gasa kek da cincin kina sayarwa, kina saro abaya da turare masu araha kina aikawa Kano. Kuɗin tafiyar kuma daga kasonki na filin da Baba ya bari za su fito. Sai kika rufe da cewa, "Yaya, ai muna ganin hotunanki, daga kek sai kasuwa sai yawo, ku kam kun huta." Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Hotunan ba ƙarya ba ne, ina jin daɗin abubuwan nan ƙwarai, amma kallon kitse kike yi wa rogo.

Na zo garin nan a 2016 ban san kowa ba. Abban yara yana fita tun asuba, sai bayan isha'i yake dawowa. Gida a hawa na uku, tagogi a rufe saboda zafi, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce ina kwana. Sai in yi mako guda ban yi magana da wani babba ba in ba shi ba. Ke da kika taso a gidan da ba a rasa mutum goma, ba ki san irin wannan shirun ba. Wata safiyar Juma'a ya ɗauke ni muka je sayen tamis, biredin 'yan Afganistan da ake ci da ful, wato dafaffen wake. Na tsaya ina kallon mai gashin, ya shimfiɗa kwaɓi a kan wani ɗan matashi, ya sunkuya ya manna shi a jikin tanderu, jim kaɗan ya ɓamɓaro shi da ƙarfe mai ƙugiya. Ƙamshin da ya daki hancina na gurasar Jakara ne sak. A mota na yi ta kuka, shi kuma bai gane dalili ba. Washegari na sa ya sayo mini fulawa da yis.

Gurasata ta farko tsami ta yi. Zafin Jidda da laimar teku suna sa kwaɓi ya tashi da wuri, in kika ba shi lokacin da muke ba shi a gida da hunturu sai ya kumbura ya zube. Fulawa in ba a firji kika sa ta ba, ƙwari ne za su riga ki. Cincin da zai yi wata guda a Kano yana ƙaras-ƙaras, a nan ki bar shi a buɗe kwana biyu ya saki.

Wadda ta gyara mini hannu wata dattijuwa ce da muka haɗu a gidan suna, kowa Goggo yake ce mata. A Jidda aka haife ta, a unguwar Karantina. Kakanta ya taho aikin Hajji ta ƙasa, ya ratsa Sudan, ya tsallako teku daga Sawakin, bai sake komawa ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce gauraye da Larabci. Ita ta nuna mini yadda ake gurasa ba tanderu: a shafa kwaɓi mai laushi a kasko mai kauri ba tare da mai ba, in ƙasan ya kama sai a kifa kaskon a kan wuta har saman ya yi ɗige-ɗigen ƙuna. Kek ɗin dabinon da kike ta yabo ma nata ne. A cire ƙwallon dabinon Sukkari, a jiƙa shi a madara mai zafi, a dama ya zama kamar kunu mai kauri, a rage sukari zuwa rabi, a barbaɗa kirfa da ɗan hel (kayan ƙamshin da Larabawa ke sa wa gahawa), a sa wutar obin ƙasa-ƙasa domin dabino yana saurin ƙonewa. Takan tsoma yatsa a kwaɓin ta ɗanɗana, ta ce, "'Yar nan, hannunki yana nauyi a sukari." Ranar da na fara fitar da shi bai ƙone ba bai kuma zauna ba, na zauna a ƙasan kicin na ci da shayi tun yana tururi, na ji kamar yau ne na fara zama a garin nan.

Goggo ba ta da takarda. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni da yawa a Jidda, Karantina da Gulail da Petromin da Sabil da Kandara duk suna ciki. Wanda ba shi da ikama, wato takardar izinin zama, ba ya samun hayar gida ta halal, domin takardar haya a manhajar Ejar ake yi mata rajista da lambar mutum. Ta yi ta raɓe-raɓe daga wannan gida zuwa wancan, har aka kama ta, aka wuce da ita tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, aka sauke ta a Kano, garin da ba ta taɓa gani ba, tana da shekara sittin da ɗoriya. Kafin haka ta tambaye ni ko za ta kwana biyu a wurina. Ban iya cewa to ba. Kaskonta yana hannuna har yau, kuma duk sanda na ɗora shi a wuta sai abin ya dawo mini sabo.

Dalilin da ya hana ni ajiye ta shi ne zai hana ni ajiye ki. Bizar Umara ba ta aiki ba ce, ba kuma ta zama ba. Wanda ya wuce wa'adinsa yana fuskantar tarar da ta kai riyal dubu 50, ɗaurin da ya kai wata shida, a ɗauki zanen yatsunsa a kore shi. Baƙon da ya ɓoye shi kuwa, tararsa tana kai riyal dubu 100, shi ma a ɗaure shi a kore shi. Wato aikin Abban yara da karatun yarana uku za su tafi a dare ɗaya. Ni kaina da nake da ikama, ta rakiyar miji ce, ba ta ba ni izinin sayar da ko yanka ɗaya na kek ba. Duk wanda kika gani a hoto, mu muka ci ko kyauta na bayar. Ita ma ikamar ba a banza take ba: tun Yulin 2017 aka sa wa baƙi kuɗin iyali, aka fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Ni da yara uku, riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, kafin a zo kan haya da kuɗin makaranta. Gidaje nawa na sani da suka mayar da mata da yara gida saboda wannan kuɗi. Mu da muka jure, da lissafin kowane riyal muka jure, kuma ina alfahari da hakan.

Daga nan ne neman arahar ya samo asali, ba sha'awa ce ta fara kai ni ba. An sa harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka mayar da shi 15 a Yulin 2020. Shagunan da muka sani da Abu Riyalain, inda komai riyal biyu ne, yawancinsu yanzu Abu Khamsa suke, komai biyar. Na koyi bin takardun rangwame da Panda da Bin Dawood da Lulu suke fitarwa duk mako. In bota ta sauko sai in saya da yawa in daskarar, bayan na duba ranar lalacewarta. Manyan kaya kuwa sai in jira rangwamen ranar ƙasa, 23 ga Satumba, ko na gab da azumi.

Inda na fi so shi ne Harajin Sawarikh da ke kudancin gari, kasuwar gwanjo ce da ba a gama zaga ta a yini ɗaya. Can na samo na'urar kwaɓina. Mai kayan ya faɗi kuɗinsa, na ce masa "akhir kam?", wato nawa ne ƙarshe, ya rage kaɗan, na juya na yi tafiyata, sai da na kusa shan kwana ya kira ni. Na sa ya jona ta a wuta na ji ƙararta, na duba bayanta na tabbatar ta wuta mai ƙarfin volt 220 ce, domin har yanzu akwai tsofaffin kayan 110 a kasuwar, kuma na taɓa sayen irinsu ya ƙone a ranar. Shekararta biyar ke nan tana yi mini aiki. A Balad kuwa, tsohon garin Jidda, za ki ji ɗan kasuwa yana kiran ki da Hausa tar, "Hajiya zo ki duba, akwai araha." Wannan farashin na alhazai ne. Da Larabci nake amsa masa, kuma ba na sayen abaya sai Muharram ko Safar, bayan baƙi sun watse.

Maganar sari kuwa, na gwada sau biyu. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan kowace dala ɗaya, don haka duk sanda naira ta faɗi, abayar da kika saro ta ƙara tsada tun ba ta bar shago ba. Ki ɗora kuɗin kago da ake auna wa a kilo. Yawancin kayan daga Sin suke, irinsu na nan jibge a Kantin Kwari. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba wannan ba ne. Kayan da suka isa gida, dangi ne suka kwashe bashi, "ai na Yaya ne," ko uwar kuɗin ba ta dawo ba. Wasu daga cikinsu har yau suna aiko mini da hoton jakar da suke so in sayo musu.

Yawon da kike gani gaskiya ne, kuma shi ne abin da zan fi kewa ranar da muka dawo gida. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana haɗa Makka da Madina, kilomita 450, yana gudun da ya kai 300 a awa. Mu shiga a tashar Sulaimaniyya bayan asuba, cikin kamar awa biyu muna Madina. Mu yi sallah a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mu leƙa Ƙuba da Uhudu, mu ɗauko Ajwa da Safawi a kasuwar dabino, mu kwana a gidanmu. Duk sanda jirgin ya tashi sai na tuna kakan Goggo da ya yi wannan tafiya a ƙafa. In zafi ya tsananta mu hau Ɗa'ifa ta hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe, birai a zaune a bakin titi yara suna ta ihu, sama kuma iska mai sanyi kamar Jos. A watan Maris da Afrilu garin ƙamshin fure yake, lokacin ne ake tsinkar wardi ana dafa turare. Ranar da babu kuɗin ko ɗaya sai mu shiga tsohon garin Balad da yamma, mu kalli tagogin katako da ake kira rawashin. A ƙofar Bait Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, akwai wata tsohuwar bishiya. Na ɗaga kai na duba ganyenta, ashe darbejiya ce irin ta ƙofar gidanmu. Daga can mu wuce bakin teku da fulas ɗin shayi da kek a leda, mu shimfiɗa darduma muna kallon ruwan Sarki Fahad da yake tsiri sama da mita 300.

To amma tikitin jirgin nan da lambar ikama ko fasfo ake yankar sa, kuma hanyar Makka da ta Ɗa'ifa duk akwai shingen bincike. 'Yan uwanmu mata da suka zo ta hanyar da ajan ya nuna miki ina ganin su, suna talla a bakin titi ido na kan hanya, da sun hango motar hukuma su tattare tabarma su shige lungu. Wasu aikatau suke a gidajen da in an hana su albashi ba su da inda za su kai ƙara. Akwai wadda ta shekara takwas a garin nan ba ta taɓa zama a bakin tekun da hankali kwance ba.

Ke da kike da digirin Larabci a hannu, ba ki da dalilin bin wannan hanya. Jami'o'in nan, irin su Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda da Ummul Ƙura a Makka da Jami'ar Gimbiya Nura ta mata a Riyad, suna ba 'yan ƙasashen waje gurbin karatu, kuma cikakken gurbi yana haɗawa da masauki da alawus da tikitin jirgi. Ta shafin gwamnati na Idrus fis Sa'udiyya ake nema, da hannunki, ba ruwanki da ajan. Akwai jira, kuma ba kowa ake ɗauka ba. In Allah ya sa kin samu, ranar hutu gidana gidanki ne, ki zo da katinki a jaka in koya miki gurasar Goggo.

Matar ƙanin Abban yara za ta gama Umara ta taso ranar Laraba. Na ba ta kek ɗin dabino guda biyu, ɗaya na Umma ne, kar a taɓa mata. In kin samu mai zuwa ki haɗo mini ƙuli-ƙuli da daddawa, yaran sun dame ni da bandashe. Ki ɗauki hoton takardunki da fasfonki ki turo kafin Asabar, ranar Abban yara yana gida, mu zauna mu cike tare. Ki gaishe da Umma, ki ce mata na ce kar ta sa hannu a takardar filin.